Fargabar Rufe Makarantar Gwamnati a Karkarar Ƙasar Gwandu: Hange Daga Diggi ta Ƙaramar Hukumar Kalgo

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan fargabar da kan kama jama'ar karkara a duk lokacin da makarantar gwamnati ta unguwarsu ta yi rauni har aka soma raɗe-raɗin rufe ta. An ɗauki Diggi, da ke ƙaramar hukumar Kalgo ta jihar Kebbi, a matsayin wurin tsayawa domin hangen matsalar. An dogara ga dokokin ilimi na Nijeriya, da abubuwan da suka faru a bainar jama'a daga 2020 zuwa 2025, da kuma abin da ya biyo bayan rufe makarantu a waɗansu ƙasashe. An rarrabe nau'o'in rufewa guda uku: rufewar umarni, da haɗewa, da abin da maƙalar ta kira mutuwar tsaye. Maƙalar ta nuna cewa takardar rufewa ita ce matakin ƙarshe na wata doguwar tafiya, kuma abin da ya fi saurin kai makaranta ga wannan mataki shi ne rashin wanda ke kallon ta a matsayin kayansa. A ƙarshe an kawo shawarwari ga hukuma da al'umma da manazarta Hausa.

Fitilun Kalmomi: Makarantar gwamnati, rufewa, al'umma, Diggi, ilimin bai-ɗaya

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 2020 zuwa yau, iyayen yara a jihar Kebbi sun ga an rufe makarantu saboda dalilai mabambanta. An rufe su saboda annobar korona, an rufe su saboda hare-haren 'yan bindiga, an kuma yi muhawara a kan hutun da aka tsara ya faɗo cikin watan azumi. Duk waɗannan sun shiga labaran rediyo da jaridu. Akwai kuma wata rufewa da ba a cika jin labarinta ba, wato ta makarantar firamaren ƙauye wadda malamanta suka ragu, rufinta ya yaye, yaranta suka watse, har jama'a suka fara tambayar juna ko hukuma za ta bar ta ko za ta haɗe ta da wata.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda makaranta kan kai ga wannan hali, da dalilin da ya sa fargabar jama'a ke da tushe, da kuma hujjar da hukuma kan kafa. An yi amfani da ra'in masanin tattalin arziki Albert Hirschman, wanda ya fito da shi a 1970, game da matakan da mutane kan ɗauka idan wata hukuma ko ma'aikata ta fara lalacewa. A ganinsa, mutum kan zaɓi ɗaya daga biyu: ko dai ya fice ya nemi wani wuri, ko kuwa ya tsaya ya ɗaga murya domin a gyara. Abin da ke sa shi tsayawa shi ne kishin wurin.

2.0 Diggi da Tarihin Ilimi a Ƙasar Gwandu

Diggi na ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kalgo, wadda ke maƙwabtaka da Birnin Kebbi, cikin masarautar Gwandu. Gwandu kuwa ɗaya ce daga masarautu huɗu na jihar Kebbi, tare da Argungu da Yawuri da Zuru. An ƙirƙiro jihar daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma tana da ƙananan hukumomi 21. Akasarin mutanen yankin manoma ne da makiyaya da masunta, kuma shinkafar fadamar Gulbin Kebbi ta yi suna a duk faɗin ƙasa. A cikin ƙaramar hukumar Kalgo ne aka gina mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013. Ke nan yaron Diggi na zaune kusa da jami'a, amma ƙofar shiga jami'ar tana cikin ajin firamaren garinsu.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar ilimi ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka danƙa wa kula da yammacin daular Usmaniyya, mai karantarwa ne kafin ya zama mai mulki. Ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awil, ya kuma rubuta Ida'un Nusukhi inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yantaru, inda jajoji ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Abin lura a wannan tsari shi ne, ilimi ke tafiya ya iske mai nemansa a inda yake, musamman idan mace ce.

Ilimin zamani ya shigo bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ya kuma shigo da sunan da bai taimake shi ba. Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar "boko" Bahaushiya ce mai ma'anar abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake ji a "amaryar boko" da "biri-boko", ba aro ba ce daga Ingilishi kamar yadda aka daɗe ana zato. A zamanin En'e, sarakuna da uwayen ƙasa ke tilasta a ba da yara. Daga baya aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 shi ya watsa makarantu zuwa ƙauyuka da dama, sannan aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a ranar 30 ga Satumba, 1999. A duk waɗannan matakai, daga sama makaranta ta sauko. Hukuma ta zaɓi fili, ta gina, ta turo malami. Wannan asali yana da tasiri a kan yadda ake kallon makarantar har yau.

3.0 Nau'o'in Rufewa

Idan Bahaushe ya ce "an rufe makaranta", yana iya nufin abubuwa uku da suka bambanta a dalili da kuma sakamako.

3.1 Rufewar Umarni

Wannan ita ce wadda hukuma ke sanarwa domin kauce wa wani haɗari, da niyyar sake buɗewa. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijeriya baki ɗaya saboda korona, kuma yawancin yara ba su koma ba sai wajen ƙarshen shekarar. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, abin ya iso Kebbi a ranar 17 ga Yuni, 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Waɗansu daga cikin 'yan matan ba su kuɓuta ba sai a 2023. A ranar 17 ga Nuwamba, 2025 kuma aka kai hari makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, aka sace 'yan mata 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Bayan wannan ne gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe makarantun sakandare, gwamnatin tarayya kuma ta rufe fiye da 40 daga cikin makarantunta na haɗin kan ƙasa.

Yawuri da Maga suna kudancin jihar, nesa da Kalgo, amma umarnin rufewa da tsoron da ke tare da shi ba su tsaya a inda aka kai hari ba. Illar irin wannan rufewa ita ce, ba duk yaron da aka sallama ke dawowa ba. Wani ya shiga gona ko acaɓa, wani an tura shi almajiranci, wata kuma an yi mata aure. Makarantar da dama can take da ƙarancin yara, kowace rufewar umarni na ƙara rage mata.

3.2 Haɗewa

A nan hukuma kan duba makarantu biyu ko uku da ke kusa da juna, ta ga yaransu ba su da yawa, sai ta mayar da su ɗaya. A takarda ba a ce an rufe ba, cewa ake yi an haɗe. Ga mutanen unguwar da aka ɗauke wa tasu kuwa, duk ɗaya ne, domin ginin ya zama kango kuma tafiya ta ƙaru wa 'ya'yansu.

3.3 Mutuwar Tsaye

Wannan ita ce ta fi yawa a karkara, kuma ba ta da ranar sanarwa. Allon sunan makaranta na nan a bakin hanya, sunanta na cikin rajistar ofishin ilimi, ana biyan albashi da sunanta, amma karatu ya tsaya. Ana haɗa aji uku wuri ɗaya a hannun malami guda. Ana tashi kafin azahar. Ranar kasuwa ba kowa. Idan aka wayi gari hukuma ta yi maganar rufewa ko haɗewa, to tana tabbatar da abin da ya riga ya faru ne shekaru da suka wuce.

4.0 Yadda Makaranta Kan Kai ga Mutuwar Tsaye

4.1 Rarrabuwar Alhaki

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowace gwamnati a Nijeriya samar da ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, kuma dole, wato shekara tara. Ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi ta hannun hukumar UBEC, da sharaɗin jiha ta kawo aƙalla rabin kuɗin aikin kafin ta karɓi tallafin. A matakin jiha akwai hukumar SUBEB, a ƙaramar hukuma kuma akwai ofishin ilimi ƙarƙashin sakataren ilimi. Tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu alhakin samar da ilimin firamare da kula da shi, kuma daga kasonsu aka saba cire albashin malaman firamare ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, abin da ya sake tayar da tambayar wanda zai riƙe albashin malamai. Wannan kai-komo ba sabo ba ne: an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka dawo da ita a 1993.

Sakamakon wannan tsari shi ne, idan iska ta ɗauke kwanon aji a farkon damina, hedimasta zai rubuta wa sakataren ilimi, shi kuma ya rubuta wa hukumar jiha, ita kuma ta jira aikin ya shiga tsarin shekara mai zuwa. Kafin nan ruwa ya ci bango. Gyaran da zai ci 'yan kwanuka da ƙusoshi ya koma ginin sabon aji.

4.2 Matsalar Malamai

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Matsalar karkara ba ta tsaya ga yawan malamai ba, ta haɗa da yadda ake rarraba su. Malami kan fi son a ajiye shi a birni inda akwai asibiti da wuta da makarantar 'ya'yansa. Kusancin gari da babban birnin jiha yana da amfani, yana kuma da illa: malami zai iya zama a birni yana jeka-ka-dawo, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin babur ko mota na cinye kaso mai tsoka na albashinsa. Ƙarancin malamai mata ma yana da nasa tasiri, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki da makarantar da ke da malama idan 'yarsu ta fara tasawa.

4.3 Lissafin Iyaye

Manomi ba ya ƙin ilimi don ƙi kawai, lissafi yake yi. A lokacin dashen shinkafa, da korar tsuntsaye, da girbi, hannun yaro na da daraja a gona. Tallan yarinya na taimaka wa uwa wajen tara kayan ɗaki. Idan uba ya ga ɗansa ya shekara huɗu yana zuwa makaranta bai iya rubuta sunansa ba, sai ya ga asara biyu: ba karatu, ba aiki. Dokar 2004 ta tanadi hukunci ga uban da ya hana ɗansa zuwa makaranta, daga gargaɗi zuwa tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, zuwa naira 5,000 ko wata biyu. Sai dai tara ba ta sauya lissafin wanda bai ga amfanin abin ba.

4.4 Ficewar Masu Murya

A nan ra'in Hirschman ya fi bayyana. Waɗanda kan fara gane cewa makaranta ta lalace su ne ma'aikata da 'yan kasuwa da masu ɗan ilimi. Su ne kuma ke da halin mayar da 'ya'yansu makarantar kuɗi ko su aika da su birni wurin dangi. To amma su ne dama za su iya shiga ofishin sakataren ilimi su yi magana a saurare su. Da zarar sun fice, sai a bar makarantar da 'ya'yan waɗanda ba su da zaɓi kuma ba su da murya. Raguwar yara ta sa a ɗauke malami, ɗauke malami ya sa waɗansu yaran su ƙara barin zuwa. Haka abin zai yi ta zagayawa har a kai ga maganar rufewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5.0 Dalilan Fargabar Jama'a

Ana iya tambaya: idan jama'a sun bar makaranta ta mutu a tsaye, me ya sa suke tayar da hankali idan aka ce za a rufe ta? Amsar ita ce, makarantar da ke numfashi ana iya farfaɗo da ita, wadda aka soke kuwa sai an sake neman ta daga farko. Bayan wannan akwai dalilai huɗu.

Na farko shi ne nisa. Yaro ɗan shekara shida ba zai iya tafiyar da ɗan shekara goma sha biyu zai yi ba, balle a damina idan fadama ta cika. 'Ya'ya mata ne nisa ya fi cutarwa. A lardin Ghor na ƙasar Afganistan, binciken Dana Burde da Leigh Linden da aka buga a 2013 ya nuna cewa da aka kafa makarantu a cikin ƙauyuka, an samu ƙarin 'yan mata 52 cikin kowane 100 da suka shiga karatu, maza kuwa ƙarin 35. A Burkina Faso, shirin BRIGHT da ya gina makarantu a ƙauyuka 132, da rijiyoyi da makewayi na mata daban da gidajen malamai, ya ƙara yawan masu shiga makaranta, kuma 'yan mata suka fi cin moriyarsa. Abin da kusanto da makaranta ya kawo, shi nisanta ta zai ɗauke. A lokacin da ake fama da matsalar tsaro, uban da ya ƙi barin 'yarsa ta ratsa daji kullum ba za a ce ya yi rashin hankali ba.

Na biyu shi ne, makarantar gwamnati ce kaɗai ke karɓar kowa. Asusun UNICEF ya daɗe yana ba da ƙiyasin yara miliyan 10.5 da ba su zuwa makaranta a Nijeriya, hukumar UNESCO kuma ta kai adadin kusan miliyan 20 a 2022 da ta haɗa da 'yan sakandare. Mafi yawansu a Arewa suke. Rufe makaranta a yankin da yara ke yawo ba karatu yana nufin an ɗauki ƙarancin masu zuwa a matsayin ƙarancin masu buƙata, alhali ba haka ba ne.

Na uku shi ne sauran ayyukan da makaranta ke yi wa gari. A harabarta akan kafa rumfar zaɓe, a nan akan tara yara domin allurar rigakafi, a filinta samari ke ƙwallo. Idan ambaliya ta zo, kamar wadda ta cinye gonakin shinkafar Kebbi a 2020, azuzuwa kan zama mafakar waɗanda ruwa ya kora. A ƙauyuka da yawa, makaranta ce kaɗai alamar cewa gwamnati ta san da zaman mutanen wurin. Akwai kuma tsoron abin da zai faru da filin, wanda galibi kakanni ne suka bayar da gonakinsu kyauta.

Na huɗu ya shafi manazarta Hausa kai tsaye. A ajin firamare ne yaro ke fara koyon rubuta Hausa da boko, ya san bambancin "k" da "ƙ", da "d" da "ɗ". Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin a farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa hakan zuwa shekara shida, sai kuma a Nuwamban 2025 ma'aikatar ilimi ta sanar da janye manufar. Ko da wane harshe aka ce a koyar, mai karanta littattafan Hausa na gobe daga wannan aji zai fito. Kowace firamare da ta mutu, an rage wa adabin Hausa masu karatu.

6.0 Hujjar Hukuma da Abin da Aka Gani a Waɗansu Ƙasashe

Adalci ne a faɗi cewa hukuma ma tana da hujja. Kuɗi ba su da yawa, kuma ajiye malamai shida domin yara ƙalilan, alhali wata makarantar na da aji mai yara fiye da ɗari, ba rabo ne na gaskiya ba. Babbar makaranta guda ta fi sauƙin katangewa da sa mata masu gadi da sa ido a kan malamanta. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta na huɗu a Abuja a Oktoban 2021, don haka akwai nauyin tsaron yara a wuyan gwamnati.

Sai dai ƙasashen da suka bi hanyar haɗewa da gaggawa sun ga illarta. Daga 2001 ƙasar Sin ta shiga haɗe makarantun karkara, kuma cikin shekara goma fiye da rabin firamaren ƙauyuka suka ɓace. Tafiya ta yi wa yara nisa, kuɗin mota da na kwana suka hau kan iyaye, har a 2012 gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin dakatar da haɗewar da ba a yi nazari a kanta ba. A birnin Chicago na Amurka an rufe makarantu kusan 50 a 2013, akasarinsu a unguwannin baƙar fata marasa ƙarfi. Binciken da Jami'ar Chicago ta fitar a 2018 ya gano cewa ƙoƙarin yaran ya fara raguwa tun daga shekarar da aka sanar da shirin, kafin ma a rufe. Wato raɗe-raɗin rufewa kansa cuta ne.

Yankin Sikotilan na Birtaniya ya bi wata hanya. Dokarsa ta 2010 ta wajabta tuntuɓar jama'a na aƙalla mako shida, da taron bainar jama'a, da rubutaccen bayani a kan amfanin da yara za su samu. Idan makarantar karkara ce, dole a duba ko akwai wata mafita, a auna illar rufewa ga garin, a kuma duba tafiyar da yara za su riƙa yi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ba ta shimfiɗa irin waɗannan matakai ba, duk da cewa a 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙi ne da ɗan ƙasa zai iya nema a kotu.

7.0 "Tamu" da "Ta Gwamnati"

A garin da firamare ke mutuwa, sau da yawa makarantar allo da Islamiyya na cike. Ba su da kasafin kuɗi, ba su da sifeto, amma ba a jin an rufe su. Malamin allo ɗan gari ne ko wanda gari ya karɓa. Ana biyan sa kuɗin Laraba, ana kai masa zakka da sadaka, ana taya shi noma. Idan rumfarsa ta faɗi, a ranar za a tayar da ita. Islamiyya kuwa kwamitin unguwa ke tara mata kuɗi, kuma iyaye na bin diddigin hadda.

Harshe ya adana wannan bambanci. Akan ce "makarantar Malam wane" ko "Islamiyyarmu", amma ɗayar "makarantar gwamnati" ce. A bakin Bahaushe kuwa, "kayan gwamnati" na nufin abin da ba shi da mai shi, wanda ba a jin ciwon lalacewarsa. An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da kwamitocin kula da makarantu na al'umma, waɗanda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da kafa su a tsakiyar shekarun 2000, inda ake sa basarake da iyaye da mata da tsofaffin ɗalibai. Inda kwamitin ke da kuɗin taɓawa da ikon faɗa a ji, yakan yi aiki. Inda suna ne kawai a takarda, ba ya hana komai. Kishin da Hirschman ya ce shi ke sa mutum ya tsaya ya yi magana ba ya samuwa da umarni. Yana zuwa ne idan mutum ya ga maganarsa na sauya wani abu.

8.0 Shawarwari

i. Majalisar dokokin jihar Kebbi ta tanadi ƙa'idar da za ta hana rufe ko haɗe makarantar karkara sai an yi taro da jama'ar wurin, an ƙidaya yaran da suka isa shiga makaranta a gidaje, an kuma auna nisan da za su riƙa tafiya.

ii. A riƙa ba kwamitin kowace makaranta ɗan kuɗin gyara kai tsaye, tare da karanta lissafinsa a gaban jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

iii. A ɗauki 'yan asalin yanki masu takardar NCE, musamman mata, a ajiye su a garuruwansu, a kuma ware alawus da gidaje ga malaman karkara. Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, don haka matsalar ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

iv. Inda yara suka yi ƙaranci da gaske, a bar aji ɗaya zuwa uku a cikin gari, manya su tafi makarantar da ke kusa, maimakon a ɗauke duka.

v. A daidaita lokutan karatu da na Islamiyya da na aikin gona, da shawarar uwayen ƙasa da hakimai da limamai.

vi. Tallafin da jihar ke samu daga shirye-shirye irin su AGILE na Bankin Duniya, wanda Kebbi ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, yana gina sakandaren 'yan mata; ya kamata a tuna cewa firamaren ƙauye ce ke turo mata ɗalibai.

vii. Sassan nazarin Hausa su tura ɗalibai su tattara tarihin makarantun garuruwa daga bakin tsofaffin malamai da ɗalibai, su kuma nazarci kalmomin da jama'a ke amfani da su a kan makaranta.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa rufe makarantar unguwa ba abu ne na rana ɗaya ba. Rarrabuwar alhaki tsakanin matakan gwamnati uku, da rashin malamai a karkara, da lissafin iyaye, da ficewar masu murya, su ke haɗuwa su kai makaranta ga mutuwar tsaye, rufewar umarni ta lokaci-lokaci kuma ta ƙara mata rauni. An nuna cewa fargabar jama'a tana da tushe, domin ƙananan yara da 'ya'ya mata da 'ya'yan talakawa ne ke biyan kuɗin nisa. An kuma nuna cewa hujjar hukuma ta tattali da tsaro abar saurare ce, amma abin da ya faru a Sin da Chicago ya isa a yi taka-tsantsan. Ga gari irin Diggi, lokacin kare makaranta shi ne ranar da malami na farko ya bar zuwa, ko ranar da kwano na farko ya yaye. Idan aka jira sai takardar rufewa ta fito, an riga an makara da shekaru.